Kundin Digirgir Ko Kabarin Bincike?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata tambaya da ba a yi a zauren kare kundi a jami'o'inmu, alhali kuwa ita ce ta fi cancanta a fara da ita. Idan aka ɗauki kundin digirin digirgir aka miƙa wa wani mutum dabam, wanda bai san marubucin ba, bai kuma san malamin da ya duba aikin ba, zai iya bin sawun lissafin tun daga bakin mutumin da aka yi wa tambaya har zuwa alƙaluman da ke cikin jadawali, ya tarar da abin da aka ce an tarar? A ganinmu, game da yawancin kundayen da ke jere a ɗakunan karatunmu, amsar ita ce a'a. Baƙo ba zai iya ba, malamin da ya sa hannu ba zai iya ba, kuma abin da ya fi ban takaici, shi kansa marubucin in aka ba shi shekara biyu ba zai iya ba.

Bari mu sauko da maganar ƙasa, mu kai ta gabashin Kano. Hukumar raya noma da karkara ta jihar, watau KNARDA, ta kasa jihar shiyya uku, Rano da Ɗambatta da Gaya, kuma masu binciken noma da tattalin arzikin karkara sukan bi wannan rabo wajen zaɓen inda za su je. Saboda haka da zarar an gama kaka sai ka ga ɗalibai da jakunkuna cike da takardun tambayoyi sun ratsa Wudil sun shiga ƙasar Gaya da Ajingi, wasu Toranke, wasu Balare, wasu Gafasa ko Kunkurawa. Ƙaramar Hukumar Ajingi kaɗai ta haura mutum dubu 170 a ƙidayar 2006, kuma noma shi ne abin da akasarinsu suka dogara a kai. A gai da dagaci, a shimfiɗa tabarma, a tara magidanta. Gonarka nawa? Dami nawa ka samu bana? Buhu nawa na takin zamani ka zuba? Wuta-wuta ta ci maka dawa? Kowa ya sani Bahaushe ba ya son faɗin abin da ke cikin rumbunsa, amma manomin Toranke yakan daure ya faɗa, ya kuma bar aikin da ke gabansa, domin an ce masa binciken zai amfani jama'a. Wannan amana ce ya bayar, kuma a kan ta muke magana.

To, manomi ya ce ya sami dami arba'in. Bayan shekara uku kundi ya fito ya ce kilo kaza a kowace hekta. Me ya faru tsakanin dami da kilo? Dami ba awo ne guda ba. Damin wannan ya fi na wancan, damin gero ba ɗaya yake da na dawa ba, na shekarar da damina ta yi kyau ya fi na shekarar fari tsaba. Gonar ma ba da hekta mai ita ya san ta ba, kuma sau da yawa gero da dawa da wake duk a cikinta suke tare. Lallai akwai wanda ya zauna ya yanke cewa dami ɗaya kilo kaza ne, gonar wane kuma hekta kaza ce, kuma a kan wannan hukunci nasa duk jadawalin babi na huɗu ya tsaya. Ina aka rubuta hukuncin? Babu shi a kundi. Yana cikin wani ɗan gurbi na Excel a wata kwamfuta da ta daɗe da mutuwa, ko a wani filas da ya ɓata a cikin mota.

Kowa a cikinmu ya san hanyar da aikin ke bi, sai dai ba a son faɗa. A kwashe amsoshi daga takarda a zuba a Excel. A kai wa wani gwani a shagon buga takardu da ke bakin ƙofar jami'a, ya danna abin da zai danna a SPSS, ya miƙo jadawali, ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya danna, da amsoshin da ya zubar don sun ɓata masa lissafi, shi da Mahaliccinsa suka sani. Ba sirri ba ne kuma cewa a cikin gwanayen nan akwai waɗanda sukan fara da tambayar wane irin sakamako ake so. Daga nan a kwafi jadawalin da hannu a liƙa a Word. Malam ya yi gyara da jan biro, a canza lamba a shafi ɗaya a manta da ita a wani, har ta kai tsakuren kundi na faɗin abu ɗaya, babi na biyar na faɗin wani. Fayil ya haifi fayil, kowanne sunansa na ƙarshe, har ɗalibin ya kasa sanin wanne ne ya kai aka ɗinke.

Ranar kare kundi kuwa me ake dubawa? Faɗin gefen shafi. Tazarar layi. Ko an sa waƙafi a bayan sunan marubuci a jerin manazarta. Ko takardar Turnitin ta nuna kason da hukuma ta yarda da shi. Ba mu raina yaƙi da satar rubutu ba, amma ya kamata a gane iyakarsa: wannan manhaja tana kama jimlar da aka sato, ba ta jin warin lambar da aka ƙaga. Mutum na iya zama a ɗakinsa ya cika takardun tambayoyi ɗari uku da hannunsa, bai taɓa taka Ajingi ba, ya rubuta komai da kalmominsa, ya fita fes. A ƙarshe a ɗinke kwafi kaza da bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya, a jera a kanta, ƙura ta hau. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba.

Kada wani ya ɗauka da maƙaryata kaɗai muke. Mai gaskiya ma yana kuskure, kuma manya sun yi a inda ake ganin babu kamarsu. A 2010 wasu shaihunan malaman tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da takarda mai nuna cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, tattalin arzikinta yakan tsaya cik, har ya ɗan ja baya. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihu, kuma mu da iyayenmu suka ɗanɗana SAP tun daga 1986 ba ma bukatar a faɗa mana wanda ke shan wuya idan gwamnati ta tsuke aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, wanda aka ba aikin aji na maimaita lissafin, ya yi ta yi abin ya ƙi fita. Ya nemi fayil ɗin Excel daga hannun marubutan, suka ba shi. Ashe wajen haɗa matsakaici an tsallake ƙasashe 5 cikin 20, ban da wasu shekarun da aka ajiye gefe da wani salon auna nauyi mai alamar tambaya. Da shi da malamansa suka sake lissafin, ja bayan kashi 0.1 ya koma ci gaban kashi 2.2. Haka kuma a 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta yi kwanaki ba ta ƙirga mutum 15,841 da suka kamu da korona ba, don kawai tsohon samfurin fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536.

Abin lura a labarin Herndon shi ne fayil ɗin yana nan, kuma da ya roƙa an ba shi. A wurinmu da wuya a sami fayil ɗin, in ma an samu, ɗalibin da ya nemi ganin lissafin farfesa sai a ce ba shi da kunya.

Maganin da muke kira a rungume ba sabo ba ne, ba shi da tsada kuma. Shi ne a rubuta kundi da rubutu zalla a cikin mazubi guda da jami'a za ta tanada. Rubutu zalla shi ne fayil ɗin da babu komai a cikinsa sai haruffa da lambobi da alamomin da ido ke gani, babu wani ado ko umarni da aka ɓoye a ƙarƙashi. Kowace kwamfuta tana buɗe shi, tsohuwa da sabuwa, har wayar hannu, kuma wanda aka rubuta shekara arba'in da suka wuce yana buɗuwa yau ba tare da an nemi manhajar wani kamfani ba. Mazubi kuwa, kamar na mai buga bulo, tsari ne da aka ƙera sau ɗaya kowa ya riƙa zuba nasa. A cikinsa kowane babi yana da fayil ɗinsa. Amsoshin da aka kwaso daga ƙauye suna cikin fayil nasu, yadda aka ji su, ba a taɓa su. Manazarta suna nasu. Dokokin jami'a game da gefen shafi da tazarar layi da shafin sa hannu suna wani fayil da ɗalibi ba ya ma bukatar buɗewa. Sa'an nan akwai jerin umarnin da ke gaya wa kwamfuta, mataki bayan mataki, yadda za ta ɗauki amsoshin ta yi lissafi ta zana jadawali. Da umarni ɗaya sai kundin ya fito cikakke, a shirye don bugawa.

A irin wannan kundi ɗalibi ba ya rubuta lamba da hannu a babi na huɗu. Yakan rubuta cewa a nan a sa matsakaicin amfanin gona da aka lissafo daga amsoshin. Idan aka gano an shigar da takardu goma na Gafasa sau biyu, a gyara a wuri ɗaya, a sake ba da umarni, kowane jadawali da kowane zane da tsakuren kundin duk su gyaru tare. Hukuncin dami kuwa dole ya fito fili, domin kwamfuta ba ta san dami ba sai an gaya mata. Za a ga layi guda da ke cewa damin gero kilo kaza ne, bisa awon dami kaza da aka sussuka aka auna a Toranke ranar kaza. Mai jarrabawa na waje yana iya canza wannan lamba, ya rage ta ko ya ƙara, ya ga ko shawarar da aka ba gwamnati a babi na biyar za ta tsaya da ƙafarta ko za ta faɗi. Wannan ita ce jarrabawa, ba auna gefen shafi da rula ba.

Kayan aikin duk kyauta ne. Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fitar da TeX a 1978 domin tsara bugun littattafan lissafi daga rubutu zalla, kuma LaTeX da aka gina a kansa shi ne har yau abin rubutun masana lissafi da kimiyyar fiziya. Tun farkon shekarun 1990 Jon Claerbout, masanin binciken ƙarƙashin ƙasa a wannan jami'ar, ya ɗora ɗalibansa a kan ƙa'idar cewa duk wani zane da ke cikin kundinsu sai ya zama ana iya sake fitar da shi daga tushe. Ga wanda LaTeX ya yi wa nauyi akwai Markdown na 2004, wanda mutum ke koya a zama ɗaya, da Pandoc na 2006 mai juya shi ya zama Word ko PDF, da Quarto na 2022 mai haɗa rubutu da lissafi a fayil ɗaya. 'Yan'uwanmu na sashen fasaha su lura, wanda ya ƙera Pandoc, John MacFarlane, malamin falsafa ne a Berkeley, ba injiniya ba. Manhajar lissafi ta R, wadda aka fara a Jami'ar Auckland, ba a biyan ko kwabo a kanta, sabanin SPSS da kowa ya san yadda ake samun kwafinta a shagunan nan. Git kuma, na 2005, kamar rajistar kotu yake: duk gyaran da aka yi yana ajiye shi da ranarsa da sunan wanda ya yi, yana kuma aiki ko babu intanet.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wani dalili na musamman, kuma duk wanda ya taɓa sauko da tsohon kundi ko maƙala daga intanet ya gamu da shi. Ka buɗe ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]alibi a maimakon ɗalibi, ~arawo a maimakon ɓarawo. A shekarun 1990, lokacin da kwamfutocin ofis ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙera mana salon haruffa na musamman, kuma sun cancanci godiya, domin sun fitar da kitse daga wuta a lokacin da babu wata hanya. Amma dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ɗora hoton ƙ a kan wata alama dabam. Abin da ke ajiye a fayil alamar ce, ƙ ɗin riga ce kawai, ranar da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da rigar sai tsiraici ya bayyana. Mai neman kalmar ƙasa a irin wannan kundi ba zai taɓa samunta ba ko da ta zo sau dubu. Tsarin Unicode ya daɗe da ba ɓ da ɗ da ƙ kowanne lambarsa ta kansa, haka ma haruffan da ake rubuta ajami da su. Gaskiya ne Word ma yana karɓar su yanzu, amma yana kuma ƙyale tsohuwar dabarar ta ci gaba ba tare da mai bugawa ya sani ba. Rubutu zalla ba shi da rigar da zai ɓoye komai: in ba ƙ ta gaskiya ka rubuta ba, nan take za ka gani.

Za a ce mana wannan bidi'ar Turawa ce. Mu kuwa muna ganin tsarin da ake bi yanzu shi ne baƙo. Malaman ƙasar nan ba su san karatun da ba shi da isnadi ba. Mai kwafar littafi yakan rubuta sunansa a ƙarshe, a kuma zauna a yi muƙabala da uwar littafin, wani na karantawa wani na bi da ido. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Almajirin da ya kawo mas'ala a zaure za a tambaye shi a wane littafi, a wane babi. Sai ga mu 'yan boko, masu taƙama da kimiyya, muna kawo lamba ba uwa ba uba, muna cewa a yarda domin bangon yana da kauri.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaske, ba za mu kauce musu ba. Cewa abin yana da wuyar koyo gaskiya ne a makonnin farko, amma a auna su da watannin da ake ɓatawa wajen gyaran lambar shafi da jerin abubuwan ciki duk lokacin da malam ya ce a sauya wa sakin layi ɗaya wuri. Cewa malamai sun saba da Word da jan biro ba matsala ba ce, mazubin yana fitar musu da Word ko takarda su yi ta jan layi. Cewa babu wuta babu intanet hujja ce a gare mu, ba a kanmu ba: babi guda na rubutu zalla bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, ana iya aika shi daga ƙauye da sabis mai rauni, tsohuwar kwamfutar da ke nishi in an buɗe mata kundin Word mai shafi ɗari uku kuwa ba ta ko jin sa.

Wanda ya fi nauyi shi ne na sirrin mutane. Manomin da ya faɗi bashin da ake bin sa bai faɗa don duniya ta ji ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 tana bayansa. Saboda haka sunaye da lambobin waya da duk abin da zai sa a gane gida sai a cire su, a sa lamba a madadinsu, mabuɗin ya zauna a kulle. A ƙauyen da mutum ɗaya ne ke da tarakta cire suna bai isa ba, sai an ƙara dabara, wani lokacin ma a taƙaita ganin fayil ɗin ga masu jarrabawa kaɗai. Masu tsoron kada a sace musu wahala su riga su bugawa, a ba su wa'adin shekara ɗaya ko biyu kafin a buɗe. Mun kuma yarda rubutu zalla ba ya hana ƙarya. Wanda ya ƙudura zai iya ƙaga amsoshin tun daga tushe. Amma sai ya ƙaga layi ɗari uku da suka dace da juna, da ranaku, da ƙauyuka, ya ajiye su inda ɗan Toranke da ya yi karatu zai iya buɗewa ya ce, a'a, a shekarar nan ba a yi irin wannan gero a garinmu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne idan akwai mai leƙawa, tsarin yanzu kuwa rufe bakin ramin yake yi.

Su wa za su ƙi? Gwanin shago zai ƙi, don abincinsa ne. Malamin da ya tara ɗalibai fiye da yadda zai iya karanta aikinsu zai ƙi. Wanda ya san abin da ke cikin nasa kundin zai fi kowa ɗaga murya, ya ce a bar kaza cikin gashinta. Amma akwai malamai da yawa, manya da ƙanana, da abin ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya, kuma da su ya kamata Ƙungiyar Ɗalibai ta haɗa kai.

Abin da muke nema daga makarantun karatun gaba da digiri na farko, a Kano da Wudil da Zariya da sauran wurare, bai taka kara ya karya ba. Su fitar da mazubin rubutu zalla mai ɗauke da dokokinsu, da Hausa da Larabci da Ingilishi, su sa shi inda kowa zai ɗauka kyauta. A kwas ɗin dabarun bincike, wanda galibi ake cinye shi da haddar ma'anoni, a keɓe makonni a zauna gaban kwamfuta. Kada kuma ɗakin karatu ya buga hatimi a kan kundin da ya dogara da alƙaluma sai an kawo amsoshin da umarnin lissafin, an gwada su a kwamfutar da ba ta marubucin ba, jadawalin ya fito daidai da na takarda. Ba sai an ɗauko kowa daga waje ba, ɗaliban sashen lissafi da na kwamfuta za su iya wannan aiki in aka ba su ɗan alawus daga kuɗin da ake karɓa na jarrabawa.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuke zaune a ma'aikatun gona da na tsare-tsare da sakatariyar ƙananan hukumomi, a teburinku ne waɗannan alƙaluma ke sauka, su koma rabon taki da iri da rijiyoyin burtsatse. Ba sai kun jira majalisar wata jami'a ta zauna ba. Duk wanda ya kawo muku rahoto, ɗalibi ne ko ɗan kwangilar bincike, kafin ku rubuta a biya shi, ku ce ya kawo fayil ɗin amsoshin, ya kuma nuna muku da yatsa layin da ya mai da dami kilo.